Jajen da Aka Yi wa Inna

A kasuwar Magaria labarin ya same ni, ina tsugune gaban mai tattasai ina ciniki. Wata mata ƴar ƙauyenmu, wadda muka yi tallar gyaɗa tare muna yara, ta dafa ni ta baya. Da na juyo sai na ga ta sha fuska da tausayi, irin fuskar da ake shiga gidan rasuwa da ita.

Ta ce, "Malama, ashe abin da ya samu Auta ke nan? Allah ya kiyaye gaba, Allah ya mayar masa da alheri."

Auta ƙanena ne, shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, ni ce ta fari. Ni na goya shi har bayana ya saba da nauyinsa. Ya yi lekol, wato makarantar boko, a Damagaram, ya wuce Yamai, daga nan ya samu karatu a Turai, ya zauna can yana aiki da matarsa ƴar Yamai. Duk abin da za a ce ya samu mutum a nesa irin wannan, uwa da yaya mutuwa suke fara kawowa a rai.

Na ce, "Me ya same shi?"

"Au, ba ki sani ba? Ruwa mana! Ruwa ya ci garinsu kaf, har bakin ɗaki. A kwalekwale aka fitar da su shi da matar, da akwatinsu biyu. Ai mun ga hoto a wayar Inna. Jiya ma na je na yi mata jaje."

Sai can na tuna. Ni ma hotunan sun shigo wayata kwanaki kaɗan kafin nan. Auta ne ya ɗauki matarsa suka tafi hutun kwana uku wani tsohon birni a Italiya, Venis, wanda aka gina shi cikin ruwa tun zamanin kakannin kakanni, inda jirgin ruwa ne motar kowa. Ni ya rubuto mini bayani da Faransanci, har da sunan otel ɗin da irin abincin da suka ci. Na duba, na ce yaro ya samu wuri, na ajiye waya na ci gaba da wankina. Ban san ya tura wa Inna su ba. Ashe ita hotuna kawai ya zuba mata, tsirara, ko kalma ɗaya ta Hausa bai haɗa da su ba. Daga nan kuma ya kashe wayarsa, wai shi yana hutu kada a dame shi.

Ban ƙarasa cefanen ba. Na kai kaya gida, na gaya wa maigidana, na hau babur ɗin kabu-kabu muka nufi ƙauye ta hanyar Dantchiao. Tsakiyar damina ce, marka ta yi kwanaki, hanya duk ta lalace. Sau da yawa sai na sauka na tattare zane na taka, mai moto yana turawa. Ina tafe ina zagin Auta a zuciyata, zagin da ban taɓa yi masa ba ko lokacin da yake ƙuruciya yana fasa mini tulu.

Na san akwai wanda zai karanta wannan ya yi murmushi, ya ce tsohuwar ƙauye ce ta ga birnin masu kuɗi ta ɗauka ambaliya ce. To ya tsaya ya dubi hotunan da idon mutumin da ya rayu a ɗakin ƙasa. Ruwa kore shar yana lasar dokin ƙofa. Bango ya kumbura, shafensa ya zube, jan bulo a fili, gansakuka ta hau shi har ƙugu. Matar Auta tana zaune cikin wani siririn kwalekwale baƙi, akwati a gefenta, ta ƙanƙame gefen jirgin da hannu biyu, wani ƙato a tsaye a bayanta yana tura su da gora. Duk inda ido ya kai babu tsandauri, babu bishiya, babu dabba. A shekarar nan kuwa tafkin gabas ya cika ya shigo mana unguwa, ɗakuna sun zube ba iyaka, iyalai da dama suna kwana a azuzuwan lekol. Inna ta kwashe kwanaki tana ganin ruwa a bakin ƙofofin mutane da idonta, ta kuma ga abin da ke biyo baya. Abin da ta sani ta karanta a hoton, kuma daidai ta karanta. Wanda ya tura shi ne ya manta inda ya fito.

Tun daga zaure na ji gidan a cike. Takalma jere a ƙofa, an baza tabarmi a rumfa, mata suna shiga suna fita. Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ita ce ta tsaya kan al'amarin, wayar Inna a hannunta tana nuna wa duk wanda ya shigo, tana jan hoton da yatsa tana faɗaɗa shi.

"Ku duba nan, ku duba bangon nan. Wannan ai ba zai kwana ba. Ga yarinyar mutane ko mayafin kirki ba ta samu ɗauka ba."

A wurinta na ji sauran. Sun kira Auta har sun gaji, wayar ba ta shiga, suka ce to ruwa ya cinye ta. Ni kuma da suka neme ni rezo, wato layin waya, ya ƙi, ga shi Inna ba ta kirana da kanta, kunyar ɗan fari, sai dai ni in kira ta. Liman ya yi addu'a a masallaci bayan sallar Juma'a, ya ambaci ɗan garin nan da ruwa ya ci a ƙasar nasaru. Mai shagon cajin waya ya ce shi kam kamar ya taɓa ganin garin nan a talabijin, kuma kamar haka yake dama. Gwaggo ta wanke shi tas a gaban jama'a, ta ce shi dama tun yana yaro ba shi da imani.

Na shiga ɗakin Inna. Tana zaune a ƙasa, carbi a hannu, idanunta sun kumbura sun yi ja, ta rame a ƴan kwanakin nan kamar wadda ta tashi daga jinya. Amma abin da ya tsayar da ni shi ne bayanta. An tara kaya har kusan rabin bango. Buhu ya kusa cika da gero, kowa ya kawo tiyarsa an juye wuri ɗaya. Ga wake a ƙwarya, ga gyaɗa, ga zannuwa ninke, ga bargo, ga kwanoni, ga tabarmi a naɗe. A wurinmu ba a zuwa jajen ruwa hannu sake. Ba wanda ya tsaya tambayar yadda za a kai tiyar gero Turai. Inna ta ce za ta sayar da abin da zai sayu a aika masa, sauran kuma a ajiye, wataƙila su dawo gida tunda ba su da wurin zama.

Na sallami matan da ke ɗakin da dabara, na saki labule, na zauna kusa da ita.

Na ce, "Inna, Auta lafiyarsa ƙalau. Ba abin da ya same shi."

Ta ɗago. "Kin ji muryarsa?"

"Ban ji ba tukuna, amma ya rubuto mini. Garin nan ba garinsu ba ne. Yawo suka je. Haka garin yake, cikin ruwa aka gina shi."

"Ruwan ba zuwa ya yi ba?"

"Ba zuwa ya yi ba, Inna. Shi suka tarar. Shi ma suka je kallo."

"Da gangan?"

"Da gangan."

"Ke, da hankalinsu? Suka bar ɗakinsu busasshe suka je suka kwana cikin ruwa?"

Na ce mutane daga ko'ina a duniya suna zuwa, masu hali ne ma suke iya kwana a irin gidan da suka kwana, kwalekwalen nan kuma ba na ceto ba ne, hayarsa ake yi don nishaɗi. Ina magana ina jin maganar tana yi mini wauta a baki.

Inna ta juya gabas ta kifa goshinta a ƙasa, ta daɗe, kafaɗunta suna rawa. Da ta ɗago fuskarta ta washe, tana ta alhamdulillahi. Wannan farin cikin bai wuce ɗan lokaci ba. Idonta ya sauka kan buhun geron, ya bi zannuwan ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya kan wata tsohuwar tabarma mai bakin shuɗi. Na ga hasken ya bar fuskarta.

Ta ce a hankali, "Wannan ta mai daddawa ce."

Mai daddawa maƙwabciyarmu ce, gwauruwa, sa'ar Inna. Ɗakinta na cikin waɗanda suka fara zubewa a markar nan, da ƙyar ta fita da rai. A lekol take kwana. Tabarma biyu ta tsira da su, ta ɗauko ɗaya ta kawo wa Auta.

Da la'asar rezo ya dawo, na hau kan turmi a bayan gidanmu inda ya fi kamawa, na kira shi. Wannan karon ta shiga. Sun koma gida ke nan, muryarsa wasai. Ban gaishe shi ba. Na zayyana masa komai, tun daga kasuwa har buhun gero. Ya yi shiru na ɗan lokaci, na ɗauka kunya ce ta kama shi. Ashe dariya yake tarawa. Ya fashe da ita har yana tari, ya ƙwala wa matarsa kira, na ji yana maimaita mata da Faransanci, ita ma ta kama.

"Yaya, don Allah ki bari! Ambaliya? Wallahi da kin ga ɗakin da muka kwana. Gadon kaɗai ya kai rumfar Inna. Da safe a jirgi ake kawo burodi, ka buɗe taga ruwa na ƙasanka. Mai tuƙa mu har waƙa yake yi mana. Kwana uku ne kacal fa, mun gaji da aiki ne, mutum bai da ikon ya huta?"

Na ce, "Ka huta mana, wa ya hana ka? Uwarka ce ba ta huta ba. Tun da hotunanka suka shigo abinci bai wuce maƙogwaronta ba. Kalma nawa ce, Auta? Inna, yawo muka zo. Yatsanka zai karye?"

"Ban yi tunani ba, Yaya. Na ɗauka za ta ga wuri mai kyau ta ji daɗi."

"A garin nan aka haife ka ko a sama? Yaushe ruwa a bakin ƙofa ya zama wuri mai kyau a gidanmu?"

Ya ɗan sassauta, ya ce a ba shi Inna. Na sauko daga turmi na kai mata, na buɗe murya don kunnenta ya fara nauyi. Da ta ji shi sai hawaye, tana ta sa masa albarka, ko kalmar faɗa ɗaya ba ta yi masa ba. Auta ne, ba a taɓa yi masa ba. Sai da ta kawo maganar kayan mutane ya kawo shawararsa, kuma shawarar ta fi dariyar ƙona mini rai.

"Inna, abu mai sauƙi. Ku ce ruwa ya janye, mun koma gida lafiya. Ai ba ƙarya ba ce sosai, mun koma ɗin. Kayan kuma ki raba wa mabuƙata a hankali. Wa zai sani?"

Inna ta dubi wayar kamar ba ta gane mai maganar ba. Ta ce, "Ni zan sani." Ta miƙo mini.

A nan ne fa ta shiga tsaka mai wuya, wadda Auta daga inda yake ba zai gane ba. A wurinmu mayar wa mutum da gudummawar da ya kawo cin fuska ne, kamar ka ce masa abinsa bai isa ba, ko ba ka son zumunci da shi. Riƙe ta kuma bayan ka san babu masifar da ta same ka, cin amanar tausayin mutane ne. Inna kuwa duk abin da ta mallaka a garin nan mutuncinta ne. Ba ta da shanu, ba ta da gonar kirki. Amma ita ake ba ajiya, ita ake kira idan mata biyu sun yi musu a kan wa ya ce me, domin an san ba ta ƙari ba ta ragi. Idan aka yi rasuwa ko gobara ita ce ta farko a gidan, ita ce ta ƙarshen fita. Yanzu ga ta zaune kan gero na mutanen da ɗakunansu ke kwance a ƙasa, saboda ɗanta ya je shan iska.

Gwaggo ta goyi bayan Auta, ba don komai ba sai don ita ta fi kowa yayata maganar. Ta ce a rufa wa kai asiri. Inna ta ce asirin da za a rufa da ƙarya ita ba ta so. Washegari da hantsi ta yafa mayafi, ta ce in ɗauko buhu.

Gida gida muka bi. Ni ɗauke da kaya a ka, ita a gaba da tiya a hannu. Geron ya riga ya gauraya, amma ta san wanda ya kawo da yawa da wanda ya kawo kaɗan, ta kan auna ta ƙara ɗan kai. A kowace ƙofa sai ta yi sallama, ta tsuguna, ta faɗi magana ɗaya: yaron lafiyarsa ƙalau, ita ce ba ta fahimta ba, yawo suka je, a yafe mata. Ba ta taɓa cewa laifinsa ne ba. Ni ce nake tsaye a bayanta ina cizon leɓe, ina ji tana ɗora wa kanta wautar da ba tata ba.

Wasu sun yi hamdala da gaske, suka yi dariya mai daɗi, suka karɓa. Wasu suka ce abin da suka bayar don Allah ba ya komawa rumbunsu, sai an yi ta roƙo. Wata kuwa ta karɓi zanenta da yatsa biyu, ta ce, "To, ai mun ji. Mu ɗakinmu ya faɗi ba mu ga tiya ɗaya daga Turai ba, ashe masu Turai ne ke karɓar namu." Inna ta ce, "Gaskiyarki," ta miƙe. Na buɗe baki zan rama, ta harare ni na haɗiye.

Lekol muka bari ƙarshe. An tura tebura gefe, kowane iyali ya kama kusurwa, an shanya tsummoki a tagogi, hayaƙi ya baƙanta ƙasan allo. Mai daddawa tana zaune kan tabarmarta ɗaya da ta rage, jikokinta biyu kuma a kan buhun siminti da aka farke. Inna ta tsuguna ta faɗi maganarta. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in nuna mata hoton kuma. Ta riƙe wayar nesa da idonta, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Malama, kin ce tun da can yake cikin ruwan?"

"Tun da can, Iya."

"Kuma bai faɗi ba?"

"Bai faɗi ba."

"To ki tambayar mini Auta, wace irin ƙasa suke kwaɓawa? In ya zo ya gaya wa maginanmu."

Ba gatse take yi ba, da gaske take tambaya. Na ce zan tambaye shi. Tabarmar kuwa ta ce atafau ba za ta karɓa ba, ita ta ba ɗanta Auta, ko ruwa ya ci shi ko bai ci shi ba. Inna ba ta yi musu da ita ba. Ta warware tabarmar da kanta, ta ɗaga yaran nan daga kan buhu ta zaunar da su a kai, ta fita da sauri kafin a ga fuskarta.

Da a nan abin ya tsaya, da ya warke. Mutanen ƙauye suna da tsiya amma suna da mantuwa. An yi ta tsokanarta na ɗan lokaci, musamman taubasanta, waɗanda dama wasa ne tsakaninsu. Sai su tare ta a bakin rijiya su ce, "Uwar mai kwalekwale, yaushe za a kai mu mu ma mu sha ambaliyar masu kuɗi?" Tana murmushi tana ramawa daidai gwargwado. Na koma Magaria ina ganin ƙura ta lafa.

Sai Auta ya sake aiko da saƙo, kuma har gobe na san da kyakkyawar niyya ya aiko shi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. A kwanakin da wayarsa take kashe, Inna ta yi ta aika masa saƙon murya, wanda muke ce wa bokal. Gwaggo ce take danna mata, ita kuma ta yi magana. Na saurare su daga baya, sau ɗaya, ban iya sakewa ba. Tana kuka tana ce masa ya bar kaya, kaya ba komai ba ne, ya hau tudu, kada ya kwana kusa da bango, ya riƙe hannun yarinyar mutane kada ya sake ta. Tana karanto masa addu'ar da zai yi. A ɗaya ma ba ta iya cewa komai ba sai kiran sunansa.

Shi kuwa ya gayyaci abokan aikinsa cin abinci a gidansa, ya ba su labari, ya kunna musu saƙonnin yana fassarawa. Sannan ya ɗauki bidiyo ya turo wa Inna, wai ta ga yadda nasaru suka ƙaunace ta. Ina gidan ranar, na je kai mata magani. Muka buɗe tare. Ga su nan kewaye da tebur, da kofuna a hannu, suna ɗaga mata hannu suna kiran "Inna, Inna" da karyayyen harshe. A tsakiyar teburin an jingina waya da kwalba, muryar Inna tana fita daga ciki tana cewa ya hau tudu. Wata mai jan gashi ta dafe ƙirji tana dariya har da share hawaye. Auta yana gefe yana kwaikwayon yadda ake tuƙa kwalekwale.

Inna ba ta jin Faransanci, amma ta san muryarta, ta kuma san dariya. Ta kalla har ya ƙare. Ta ce, "Kukana ne suke ji?" Na ce eh. Ta ce, "To." Ta tashi ta je ta ba akuya dusa.

Abin da na gaya wa Auta a ranar ba zan rubuta shi a nan ba, don yarana za su iya karantawa. Ya ba da haƙuri, ya ce ni na cika ɗaukar abu da zafi, su a can ba raini ba ne, sha'awa ce, sun ce ba su taɓa jin soyayyar uwa irin wannan ba. Na ce in sha'awa ce su kunna kukan uwayensu. Ya kira Inna ya ba ta haƙuri, ta ce ba komai, Allah ya yi masa albarka. Amma daga ranar ba ta ƙara aika masa bokal ba. In ya kira ta amsa, ta tambayi lafiyarsa da ta matarsa, ta ce kowa lafiya. Shi yana ganin magana ta wuce. Yana aiko mata da abin da ya samu, ba ya fashi, wannan ban ƙwace masa ba.

Da damina ta zagayo, Gwaggo ta kira ni wata safiya tana magana ƙasa ƙasa kamar mai tsegumi. Ta ce bangon bayan ɗakin Inna ya zauna da asuba, rabin rufin ya bi shi. Allah ya sa ta fita alwala. Ta ce Inna ta hana a gaya wa kowa, har ni, ita ce dai ta kasa riƙewa.

Na iso kafin azahar. Ɗakin da aka haife mu duka a ciki ya buɗe ta baya, ana hango gonar maƙwabta ta cikinsa. Gadonta yana ƙarƙashin ƙasa da azara, kwanoninta na jere sun lotse. Ta ja abin da ta iya ja zuwa rumfar awaki, tana tsaye cikin laka har idon sawu tana tono da fartanya. A ƙauye ba a ɓoye faɗuwar bango, ƙararsa ma ta isa. Mata sun riga sun fara zuwa, kowace da abinta a hannu. Inna ta sa an tura ƙyauren zaure. Duk wadda ta yi sallama sai ta fita ta tare ta a waje, laka har gwiwar hannu, ta ce lafiya lau, ɗan gyara ne take yi, an gode, a koma da kaya. Na ji wata tana ce mata, "Haba, ai wannan kam mun gani da idonmu." Inna ta ce, "An riga an yi mini nawa bara."

Na yi mata magana, na ce wannan ba daidai ba ne, ita ta yi wa kowa, yau ranarta ce. Ba ta ko dube ni ba. Raina ya ɓaci, na ciro waya na ce to aƙalla shi wanda ya jawo duk wannan ya gani, ya aiko a sayi siminti a yi mata ginin da ruwa ba zai kayar ba. Na ja baya don ɗakin ya fito duka, da ita a tsaye a gabansa.

Ta saki fartanya ta taho, ta ɗora tafin hannunta mai laka a kan wayar, ta danne ta ƙasa.

"Ajiye."

"Inna, ɗanki ne. Haƙƙinsa ne ya sani."

"Na ce ki ajiye. In ya kira ki ce muna lafiya." Ta dubi ɗakin. "Wancan na ƙarya ne, sun yi dariya, ba komai. Wannan na gaske ne. Ba na so a kai shi tebur."

Na sa wayar a jaka, lakar hannunta tana jiki. Ta miƙo mini kwano, ta koma ta ɗauki fartanyarta. Ita tana tonowa ni ina kwashewa ina zubarwa bayan gida, mu biyu, muna jin sallamar mata a ƙofar zaure ba mai amsawa.